Kayan da ke shanye igiyar maikirowef: tambayoyin wani mai gyaran waya

Wani ƙanena mai gyaran waya a Aboabo, nan Kumasi, ya ɗumama wake da shinkafa a maikirowef. Abinci ya yi zafi jau, gefen farantin gilashin kuwa da sanyinsa. Nan ya tsare ni da tambayoyi.

Yaya, me ya sa abinci ya yi zafi faranti bai yi ba?

Na'urar tana sakin wata igiya marar ganuwa, irin ta rediyo, da ke kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa guda. Ruwan da ke cikin abinci shi ke shanye ta, ƙwayoyinsa su yi ta juyi har zafi ya tashi. Gilashi ratsa shi take yi ta wuce. Ƙarfe kuwa mayar da ita yake yi, shi ya sa cikin akwatin duk ƙarfe ne.

To wa ke buƙatar abin da zai shanye ta da gangan?

Sojoji na cikin waɗanda suka fara. Rada, na'urar hango jirage daga nesa, tana gano jirgi ne idan igiyar ta buge shi ta dawo. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun lulluɓe bututun shaƙar iskar jiragensu na ƙarƙashin teku da kayan da ke shanye igiyar, don kada rada ta gano su. Daga baya Amurka ta shafe jirgin yaƙinta na sama F-117 da su, ko da yake siffar jirgin ma ta yi aiki sosai. Yawanci garin ƙarfe ne ko baƙin kabon ake kwaɓawa da roba ko fenti.

Ban da yaƙi fa?

Sana'arka ma tana ciki. Ana gwada eriyar waya a ɗakin da aka jera wa soso mai tsini a bango, wanda aka jiƙa da kabon don kada igiya ta dawo ta ɓata awo. Ana kuma gwajin zuba dattin ƙarfe cikin kwalta, yadda in titi ya tsage za a ɗumama shi da igiyar ya haɗe.

Mu nan muna da abin yi da shi?

Wannan ta fi burge ni. Masu bincike a ƙasashe da dama suna ƙona ƙoƙon kwakwa da ƙaiƙayin shinkafa su zama gawayi mai ƙananan ramuka, igiya ta shiga ta rasa hanyar fita. Ga shi ba nauyi, ga araha. Har yanzu dai yawancin aikin yana ɗakin gwaji. Amma duk wanda ya bi ta kasuwar Kejetia da yamma ya san tulin kwakwar da ake zubarwa.