Masu neman sanin makamar aikin rabon kuɗin agaji, ga amsoshinku

Tun da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya cinye unguwannin Maiduguri da Jere, wayata ba ta huta ba. Kowa yana da ƙane ko ɗa da ya gama bautar ƙasa, yana son a saka shi a “aikin rabon kuɗi”. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Na tara su nan, wanda ya sake tambayata wannan zan tura masa.

Wai mene ne aikin?

Maimakon a lodo buhunan masara da gero a tirela, sai a ba mutum kuɗi ko kati ya je kasuwa da kansa. In kuɗi ne, ya sayi abin da ya ga dama. In bauca ce, wato katin karɓar kaya, sai a shagunan da aka yi yarjejeniya da su. Tun taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan ƙungiyoyi suka yi alkawarin ƙara karkata ga wannan hanya.

Ni zan riƙa miƙa kuɗin?

A'a, kuma ka gode wa Allah. Banki ko wakilan kamfanin tura kuɗi ne ke biya. Kai naka rajistar gidaje a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, gyara sunaye a Excel, da yawon kasuwa kana tambayar farashin mudun wake da kwalbar manja. Ɗaukar tsabar kuɗi a wannan yanki ba wasa ba ne: a Satumbar 2019 sojoji sun rufe ofisoshin wasu ƙungiyoyin agaji a arewa maso gabas, kuma batun kuɗin da aka kama a mota yana cikin abin da ya jawo rufe na ɗaya daga cikinsu.

Ana biya?

Wasu suna ba da alawus, wasu kuɗin mota kawai. Ka tambaya kafin ka sa hannu. Wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ɗan damfara ne.

Wane kwas ya kamata a ce na karanta?

Ban damu ba. Ka iya Excel? Kana jin Kanuri, ko Shuwa, ko Fulatanci bayan Hausa? Wannan ya fi mini sunan digirinka. Akwai darussan kyauta na CALP, gamayyar ƙungiyoyin da ke aikin tallafin kuɗi, a shafin koyo na intanet mai suna Kaya. Ka gama ko da na farko kafin ka zo intabiyu, kada ka zauna ana tambayarka kana kallon silin.

Ba za su kashe kuɗin a banza ba?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Kai da aka biya ka alawus, wa ya bi ka kasuwa? Matar da ruwa ya tafi da katifarta da tukwanenta ta fi ka sanin abin da gidanta ke bukata. Masu bincike na Bankin Duniya sun tattara nazarce-nazarce daga ƙasashe da dama a 2014, ba su ga cewa tallafin kuɗi yana ƙara sayen giya da taba ba. Abinci, magani, haya da biyan bashi, nan yake tafiya. In da wannan zargin za ka shiga sansanin 'yan gudun hijira, zauna a gida.

Ranar rabo, mace ta zo da katin mijinta, na'ura ta ƙi karɓar yatsanta, tana kuka. Me zan yi?

To, wannan ita ce tambaya, kuma ba ni da amsa guda ɗaya.

Da farko, hukuncin ba naka ba ne. Ka raka ta teburin ƙorafi, ka kira shugaban tawaga. Amma kada ka ɗauka aikinka ya ƙare, domin abin da ka rubuta a wannan lokacin shi za a duba.

A fara duba ko an yi mata rajista a matsayin mai karɓa ta biyu. In an yi, mai yiwuwa yatsan ne kawai: wanki, surfe, aikin gona da tsufa duk suna shafe zanen yatsa. A goge, a gwada wani yatsan, galibi magana ta ƙare. In ba a yi ba, nan ake yin ta. Wataƙila mijin yana kwance ba lafiya, ko ya tafi ci-rani, ko ya rasu. Wataƙila kuma ya sake ta, ta fito da katin cikin kayanta. Ko gidan mata biyu ne, ka biya amarya yau, gobe uwargida ta zo da yara shida. Na kuma sha ganin katin da aka jinginar saboda bashi, mai bin bashin ya turo matarsa. Duk waɗannan kuka iri ɗaya suke yi a gabanka, kuma yawancinsu gaskiya suke faɗa.

Shaidar bulama, wato mai unguwa, da ta maƙwabta tana taimakawa, amma ban yarda a tsaya a kanta kaɗai ba, shi ma bulaman mutum ne mai dangi. Wasu ƙungiyoyi suna da fom na sauya mai karɓa, a biya ta a zagaye na gaba ko a ranar da aka ware wa masu matsala. Wasu sai an je gidan an gani. Ka san tsarin taku tun kafin ranar rabo.

Abin da nake yi: ba na yi mata tambayoyin aure a gaban layi, nakan nemo ma'aikaciya mace su koma gefe. Ba na ƙwace katin. Nakan rubuta lambarsa da bayaninta yadda ta faɗa. Kuma ba na cewa “kada ki damu, Baba, za a ba ki” sai in na tabbata. Bakinmu ya saba da wannan lallashin, ita kuwa alkawari ta ji, za ta je ta ci bashi a kansa. Batun ba ta daga aljihunka, ban ce haramun ba ne. Na taɓa yi, washegari mutum takwas suka tare ni, kuma an ɗauka kuɗin ƙungiya nake rabawa a ɓoye.

Sannan ka sani, tushen matsalar ranar rajista yake, kuma irinku ne ke rajistar. Wanda ya je gidan bai tambayi tukunya nawa ake ɗorawa ba, ya rubuta sunan maigida ya wuce don ya cika adadinsa na ranar.

Me ya sa wani lokaci ake komawa raba kaya?

Kuɗi ba ya ciyuwa in babu kasuwa. Ruwan 2024 ya shiga har Kasuwar Monday, babbar kasuwar Maiduguri. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin naira, kuɗi yana cikin asusu amma babu takardar, masu POS suna yankar rabonsu yadda suka so. Shi ya sa nake aika ku kasuwa, ba don na tsane ku ba.

Ƙanwar mamana tana sansanin, zan iya saka sunanta?

A'a. Ka faɗa wa ogan ka cewa kana da 'yar'uwa a wurin, a tura wani ya tantance ta. In ta cancanta za ta shiga.

Zan iya ɗaukar hoto in ɗora a Facebook?

Hoton uwar wani tana riƙe da kuɗi, a garin da kowa ya san ƙofar gidanta? Ajiye wayar. Haka jerin sunaye: kada in ga shi a WhatsApp.

In na gama za a ɗauke ni aiki?

Babu tabbas. Tun da Amurka ta datse tallafin USAID, hukumarta ta ba da agaji, a farkon 2025, waɗanda suka shekara goma a aikin ma suna gida. Amma kada ka karaya, wanda ya iya tsaftace bayanai da bin farashin kasuwa ba ya rasa inda zai kai hannunsa.

Anti, zan iya turo miki takarduna?

A'a. Duba ReliefWeb, shafin da ake tallata ayyukan agaji, da shafukan ƙungiyoyin.