Clint Eastwood

Clint Eastwood jarumin fim ne kuma darakta ɗan ƙasar Amurka. An haife shi ranar 31 ga Mayu, 1930, a birnin San Francisco na jihar Kalifoniya. Duniya ta fara saninsa ne a fina-finan kaboyi, daga bisani ya koma bayan kyamara ya ba da umarnin fina-finai kusan 40, biyu daga cikinsu suka ba shi kyautar Oscar ta gwarzon darakta.

Tasowarsa

Ya taso a zamanin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, lokacin da mahaifinsa ke yawo da iyali gari-gari neman abin yi. A farkon shekarun 1950 aka ɗauke shi aikin soja, ya zauna a barikin Fort Ord yana koyar da ninƙaya. Kamfanin Universal ya ɗauke shi a 1954, ya riƙa ba shi 'yar fitowa nan da can, ba a jima ba ya sallame shi. Sai a 1959 ya samu gindin zama a Rawhide, wani shirin talabijin na makiyaya masu kora garken shanu, wanda ya ci gaba har 1965.

Daga Turai sunansa ya fito. Daraktan Italiya Sergio Leone ya kira shi fim ɗin A Fistful of Dollars (1964) a kan ladan dala 15,000, sannan wasu biyu suka biyo baya, na ƙarshensu The Good, the Bad and the Ugly (1966). A busassun filayen kudancin Sifaniya aka ɗauki galibinsu, Ennio Morricone ya yi musu kiɗa. Eastwood ya fito a baƙo marar yawan magana, da mayafi a kafaɗa da guntuwar taba a baki, ya harbe mutum ko gezau. Irin waɗannan ne masu zuwa gidajen silima a Kano da Kaduna suke kira fim ɗin kaboyi. A 1971 ya ƙara da Dirty Harry, inda ya fito a ɗan sandan da ba ruwansa da ƙa'ida. Fim ɗin ya yi kasuwa, amma masu sharhi da dama sun zarge shi da ɗaure wa zaluncin 'yan sanda gindi.

Aikin darakta

Tun 1967 ya kafa kamfaninsa, Malpaso, don ya gaji da ganin yadda ake ɓarnar kuɗi da lokaci a wajen ɗaukar fim. Fim na farko da ya ba da umarni shi ne Play Misty for Me (1971), har maigidansa a sana'ar, darakta Don Siegel, ya fito a ciki a matsayin mai sayar da abin sha.

Yadda yake aiki abin a tsaya a duba ne. Ba ya daka tsawar nan da daraktoci ke yi in za a fara ɗauka. Cikin sanyin murya yake ce wa 'yan wasa su fara in sun shirya. Ya ce a Rawhide ya koyi hakan, domin da zarar an yi ihu dawaki kan firgita su watse. Sau ɗaya ko biyu ya ɗauki fitowa ya wuce gaba, saboda ya fi yarda da abin da ɗan wasa ya yi da farko, kafin ya fara tunanin yadda zai burge. Shi ya sa yakan gama aiki kafin wa'adi, da ragowar kuɗi a hannu. Wannan hanzari yana da aibinsa: a wasu fina-finansa na baya-bayan nan ana ganin wuraren da suka so a sake ɗaukarsu. Ba kuma koyaushe yake da sauƙin hali ba. A The Outlaw Josey Wales (1976) ya sa aka cire darakta Philip Kaufman ya hau kujerarsa, abin da ya sa ƙungiyar daraktocin Amurka ta kafa dokar hana jarumi yin haka, dokar da ake kira da sunansa har yau.

Babban aikinsa shi ne Unforgiven (1992). Ya riƙe labarin shekaru a hannu, yana jira ya manyanta yadda zai dace da rawar William Munny, tsohon makashi da ya tuba ya koma kiwo, talauci ya sake tura shi ɗaukar bindiga. A nan mutumin da ya yi suna da harbi ba fargaba ya nuna wa masu kallo nauyin ɗaukar rai: wanda aka harba yana kwance yana roƙon ruwa, saurayin da ke cika baki ya kashe mutum na farko sai ya ɓarke da kuka. Fim ɗin ya ci Oscar huɗu, ya kuma sadaukar da shi ga Leone da Siegel. Million Dollar Baby (2004) ma ya ci huɗu; Eastwood na da shekara 74 a lokacin, babu wanda ya karɓi kyautar darakta yana da shekaru kamar nasa.

A 2006 ya yi abin da ba kasafai daraktan Amurka ke yi ba. Ya ba da labarin yaƙin tsibirin Iwo Jima na 1945 sau biyu: Flags of Our Fathers daga ɓangaren Amurkawa, Letters from Iwo Jima kuma daga ɓangaren sojojin Japan, cikin harshensu. Invictus (2009) ya kai shi Afirka ta Kudu, inda Morgan Freeman ya fito a Nelson Mandela a lokacin gasar rugbi ta duniya ta 1995. Sai dai adalcin da ya yi wa Japanawa bai kai ga 'yan Iraƙi ba a American Sniper (2014), fim ɗinsa na yaƙin Iraƙi. Shi ne fim ɗinsa da ya fi kawo kuɗi, sama da dala miliyan 500, amma mutanen da aka mamaye ƙasarsu sun fito a ciki kusan ba su da murya, kuma sukar da aka yi masa a kan haka tana da tushe.

Ya taɓa siyasa, ya yi magajin garin Carmel na jihar Kalifoniya daga 1986 zuwa 1988. Mai son kiɗan jaz ne, shi ya yi fim ɗin Bird (1988) a kan makaɗi Charlie Parker, kuma da kansa ya tsara kiɗan wasu fina-finansa. A 2024, yana da shekara 94, ya fitar da Juror #2, labarin wani mai taimaka wa alƙali yanke hukunci da ya gano cewa wataƙila shi ne ya yi sanadin mutuwar da ake tuhumar wani a kanta.