Haske ne ke samar da wutar sola, ba zafi ba

An daɗe ana cewa zafin rana ne ke sa farantin sola ya samar da lantarki. Gaskiyar magana, haske ne ke yin aikin: idan ya sauka a kan sinadarin silikon da ke cikin farantin, sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarki su gudana ta cikin waya. Zafin da ya haura digiri 25 kuwa rage ƙarfin farantin yake yi.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai hakan idan ya haɗa farantin da mitar awon wuta, sannan ya rufe shi da kwali da tsakar rana. Nan take awon zai faɗi, alhali farantin yana nan da zafinsa. Don Allah a isar da wannan bayani ga malamai da ɗalibai.