Macbeth Bai Kashe Sarki Duncan Yana Barci Ba

Da yawa daga cikinmu da muka karanta wasan Shakespeare a sakandare mun ɗauka Macbeth azzalumi ne da ya yanka dattijon sarki Duncan cikin dare, ya yi ɗan gajeren mulki ya halaka. Ba abin mamaki ba ne, tunda abin da aka koya mana ke nan.

Tarihi kuwa ya nuna Macbeth basarake ne mai riƙe da yankin Moray a arewacin Sikotilan. A fagen fama ya kashe Duncan a 1040, kusa da garin Elgin, kuma Duncan ba tsoho ba ne a lokacin. Shekara 17 Macbeth ya yi a gadon sarautar Sikotilan. A 1050 har ziyarar ibada ya kai birnin Rum, yana rabon sadaka. Sarkin da ƙasarsa ke cikin rikici ai ba ya irin wannan doguwar tafiya. Malcolm ɗan Duncan ne ya kashe Macbeth a ƙauyen Lumphanan a 1057.

An rubuta wasan wajen 1606, fiye da shekara 500 bayan rasuwar Macbeth. In ka ci karo da irin wannan labari, duba yaushe aka rubuta shi, ka gwada shi da rubutun da ya fi kusa da zamanin. Don Allah a tura wa 'yan uwa.