Waiwaye: Yadda ma'aunin furosesan sabar ya riƙa sauyawa daga Opteron zuwa Graviton

A watan Agustan 2019 kamfanin AMD ya fito da EPYC 7742, furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi) mai ƙwayoyin aiki 64, wato sassa 64 da kowanne ke iya nasa aikin a lokaci guda, a kan dala 6,950. A lokacin, zakaran Intel shi ne Xeon Platinum 8280, mai ƙwayoyi 28, kuɗinsa dala 10,009. Duk wanda ya kalli waɗannan lambobi zai ce ai magana ta ƙare. Sai dai masu sayen sabar, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet da rumbunan bayanan bankuna, ba su yi rububin komawa AMD nan take ba. Suna da dalilinsu, kuma dalilin tsoho ne.

Intel ya fara amfani da sunan Xeon a 1998. A wancan zamani tambaya ɗaya ake yi: wanne ya fi gudu? Ƙungiyar SPEC, wadda aka kafa a 1988, ita ke shirya jarrabawar da kowane kamfani ke gwada kayansa da ita. Ƙungiyar TPC kuwa, da gwajinta na TPC-C da ya fito a 1992, ta tilasta wa kowa ya bayyana kuɗin na'urar gaba ɗaya tare da sakamakon, domin a san nawa aka kashe kafin a samu wannan gudun. A ganina wannan ne ma'auni mafi gaskiya da aka taɓa kawowa, don masu talla sun fi son a yi maganar gudu a bar maganar kuɗi.

Kuskuren Intel na farko shi ne Itanium. Shi da HP suka ƙera shi, ya fito a 2001, kuma kafin a ci moriyarsa sai an sake tsara manhajoji daga tushe. AMD ya ga ƙofa a buɗe. A watan Afrilun 2003 ya kawo Opteron, wanda ke tafiyar da tsofaffin manhajoji masu bit 32 da sababbi masu bit 64 ba tare da wahala ba, sannan ya shigar da sashen da ke kula da RAM cikin furosesan kansa, abin da ya rage jiran bayanai. IBM da HP da Sun suka karɓe shi. A 2004 Intel ya sauko ya ɗauki tsarin bit 64 na abokin hamayyarsa. Zuwa 2006 AMD na riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasuwar, har Dell, da ya daɗe yana ƙi, ya shigo sahu a wannan shekara.

Ba ingancin kaya kaɗai ke yanke hukunci ba. A 2009 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Intel tarar Yuro biliyan 1.06 kan rangwamen da ta ce yana bai wa masu haɗa kwamfuta don su guje wa AMD. Daga baya kotu ta soke wannan tara, aka sake sanya wata ƙarama ta Yuro miliyan 376 a 2023. A watan Nuwamban 2009 kuma Intel ya biya AMD dala biliyan 1.25 aka yi sulhu.

Amma faɗuwar AMD da hannunsa ya jawo ta. Opteron na Barcelona ya fito a 2007 da lahani a ƙirarsa, Intel ya dawo da ƙarfi da Nehalem a 2009, sannan Bulldozer, ƙirar AMD ta 2011, ya zo da ƙwayoyi 16 a takarda amma aikinsa bai kai yawan ƙwayoyin ba. Kafin 2017 kason AMD a sabar ya koma kusan kashi 1 cikin 100. A waɗannan shekaru kwatanci ya zama Xeon da Xeon, farashi kuma yadda mai kaya ya ga dama. Wannan tarihi ne ya sa masu saye suka yi taka-tsantsan da EPYC lokacin da shugabar AMD, Lisa Su, ta dawo da kamfanin fagen a watan Yunin 2017. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sabar ba waya ba ce da za a canza bayan shekara. Ana sayenta ne ta yi shekara biyar ko fiye.

Inda lissafin ya fi rikicewa shi ne kuɗin lasisin manhaja. A da, ana biya ne bisa yawan furosesa da ke cikin na'ura. Da ƙwayoyi suka yi yawa, masu manhaja suka ga za su yi asara, suka sauya ƙa'ida. Microsoft ya koma caji kan kowace ƙwaya a SQL Server 2012, ya maimaita a Windows Server 2016. VMware ya ce daga 2020 lasisi ɗaya ƙwayoyi 32 kawai zai ɗauka. Oracle kuwa, a takardar farashinsa, lasisin babban rumbun bayanansa dala 47,500 ne, kuma ƙwayoyi biyu na Intel ko AMD ke cin lasisi ɗaya. A lissafa: furosesa mai ƙwayoyi 28 lasisi 14 ne, dala 665,000. Mai ƙwayoyi 64 lasisi 32 ne, dala miliyan 1.52. Manyan masu saye kan samu ragi, gaskiya ne, amma ko da ragin, dala dubu uku da aka tsira da ita wajen sayen furosesa ba ta kai a ambata ba. Shi ya sa Intel da AMD ke sayar da furosesa masu ƙwayoyi kaɗan amma masu tsananin gudu, da tsada, kuma ana saye.

Su kansu sakamakon gwaji sai an bi su a hankali. Bayan bayyanar raunin tsaro a cikin furosesoshi da ake kira Meltdown da Spectre a watan Janairun 2018, gyaran da aka yi ya rage wa sabar da yawa ƙarfi, musamman na Intel, lambobin gwajin da aka dogara da su wajen saye suka daina aiki. A 2024 kuma SPEC ta sa alamar gargaɗi a kan sakamako sama da 2,600 da aka samu da manhajar Intel ta harhaɗa shirye-shirye, saboda an yi mata dabarar da gwajin kaɗai take amfana.

Sai wuta. Waɗancan furosesa biyu na 2019 suna jan wat 205 da 225. Manyan na 2024, EPYC mai ƙwayoyi 192 da Xeon 6 mai 128, kowanne wat 500 yake ja, kuma duk zafin da ya fitar sai an sake kashe wuta wajen sanyaya shi. Mai cibiyar bayanai a Legas ko Kano, da janareta ke ɗauke masa rabin nauyi, ya fi kowa sanin cewa tsohuwar sabar ta gwanjo mai araha tana karɓar kuɗinta ne a gidan mai.

Batun wutar ne ya buɗe wa ARM hanya, wato tsarin furosesa maras cin wuta sosai irin na wayoyin hannu. Amazon ya sayi kamfanin ƙera furosesa Annapurna Labs a 2015, ya fito da nasa furosesan na ARM mai suna Graviton a 2018, kuma a kan Graviton2 ya yi iƙirarin cewa mai hayar sabar zai iya samun aikin da ya fi na sabar mai tsarin Intel ko AMD da har kashi 40 cikin 100 a kan kuɗi ɗaya. Microsoft ya biyo da Cobalt a 2023, Google da Axion a 2024. Waɗannan ba a sayar da su a kasuwa, hayarsu ake yi da awa, don haka babu farashin furosesa da za a ajiye kusa da na Xeon ko EPYC. Mai son kwatantawa sai ya ɗora manhajarsa a kan kowanne, ya bar ta ta yi aikin da ta saba, ya jira takardar kuɗi ta ƙarshen wata.