Asusun Ajiyar Fansho na Ma'aikaci

Asusun ajiyar fansho, wanda ma'aikata suka fi sani da RSA, asusu ne da ake buɗewa da sunan ma'aikaci a ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo da Najeriya ta fara a 2004, aka sabunta dokarsa a 2014. Duk wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wurin aikinsa ya ƙara aƙalla kashi 10, lissafin kuwa a kan gundarin albashi ne da kuɗin gida da na sufuri. Kamfanin fansho, wato PFA, shi ke juya kuɗin, amma ajiyarsu tana hannun wani kamfani dabam. Hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ce ke sa ido, kuma ofishinta na shiyyar Arewa maso Gabas yana Gombe. Ma'aikatan tarayya, irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, suna cikin tsarin. Na jiha kuwa, dokar jiharsu ake bi.

Mai asusu yana da lamba ɗaya tak, wadda ke farawa da PEN, kuma ita zai riƙe har ya yi ritaya. In ya sauya wurin aiki, tsohuwar lambar zai miƙa. Buɗe asusu na biyu yana raba kuɗin gida biyu, haɗe su kuma sai an sha zirga-zirga. Abin da ya fi tsayar da biyan mutum shi ne saɓanin bayanai: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko ranar haihuwar da ke fayil ɗin ofis ta saɓa da ta NIN. Shi ya sa aka wajabta wa duk wanda ya yi rajista kafin Yulin 2019 ya sabunta bayanansa. Gyaran nan ya fi sauƙi tun mutum yana bakin aiki.

Doka ta ba wurin aiki kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi ya tura kuɗin, jinkiri kuma yana jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a wata ba. Amma ganin an cire a takardar albashi ba shaida ba ce cewa kuɗin sun shiga. Sai a gwada ta da bayanin asusu da PFA ke bayarwa duk wata uku. In wani wata ya ɓace, ko dai ba a tura ba, ko an tura ba tare da jerin sunaye ba, ko an kuskure lamba. Ana fara bi ta sashen albashi, sannan PFA, sannan a kai ƙorafi PenCom a rubuce.

Kuɗin suna zaune a rukuni-rukuni. Wanda bai kai shekara 50 ba ana sa shi a rukuni na biyu, mai 50 zuwa sama a na uku, 'yan ritaya a na huɗu. Na ɗaya ya fi kasada, sai wanda ya nema. Rukuni na shida, wanda aka buɗe a 2021, ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, ana zuba kuɗinsa a sukuk, wato takardun zuba jari irin na Musulunci, da makamantansa. Ba a mayar da kowa can sai ya nema da kansa. Tun Nuwamban 2020 kuma ana iya sauya PFA sau ɗaya a shekara, ta hannun kamfanin da za a koma.

Wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, zai iya karɓar har kashi 25. A lokacin ritaya ana iya ɗaukar wani kaso a dunƙule, ragowar a riƙa karɓa wata-wata daga PFA, ko a sayi fansho na tsawon rai daga kamfanin inshora. In mai asusu ya rasu, sunan makusancin da ya rubuta a fom bai mayar da shi magaji ba. Sai an kawo takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci kafin a saki kuɗin a raba wa magada.