Murtsunguwa: ƙayar da Maroko ta mayar da ita kuɗi

Duk sanda na kawo zancen murtsunguwa a taron manoma, sai an samu wanda zai ce ai ƙyarana ce, ga ta nan cike da shingensa. To, ba ita ba ce. Ƙyarana da tinya in ka sare su farin ruwa ke fita kamar nono, mai ƙuna, yana iya illata ido, kuma ba a ba dabba. Wadda nake nufi asalinta daga Meksiko ne. Rassanta fala-fala ne masu kauri kamar faifai, 'ya'yanta kuwa kamar ƙwan agwagwa, ja ko ruwan ɗorawa, a ɓare a sha.

Da rana takan toshe ƙofofin numfashinta, sai dare ya yi sanyi ta buɗe, shi ya sa ba ta asarar ruwa kamar masara ko dawa. A 2017 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kadada ɗaya na iya riƙe ruwa har tan 180 a jikin shukar. A arewa maso gabashin Birazil, inda fari ya zama ɗan gida, da ita ake fitar da shanu daga rani.

Amma kuɗin ba a ɗanyen 'ya'yan yake ba, don ba su jure doguwar tafiya. Yana cikin ƙwayoyin nan masu tauri da mai sha ke tofarwa. A yankin Sidi Ifni da ke kudancin Maroko, ƙungiyoyin mata ne ke ɓarewa, su tace ƙwayar, su wanke, su shanya, sannan inji ya matse ta ba tare da an sa wuta ba. Sai an tara 'ya'ya wajen tan guda kafin a samu lita ɗaya ta mai. Wannan ne ya sa yake cikin mayukan tsirrai mafi tsada, kamfanonin kayan shafa na Turai ne ke saye. Tsokar kuma ba a zubarwa, ana yin lemo da ruwan tsami da ita. Haka ake yi a Kasserine ta Tunisiya. 'Yan Meksiko ma tun 2019 suke sarrafa rassan suna yin wata irin fata ta jaka da takalmi.

Yanzu ga inda nake so a kasa kunne. A 2014 wani ƙwaro ya ɓulla a Maroko, ɗan mitsitsi, yana lulluɓe da farin abu kamar auduga, in ka murje shi yatsanka ya yi ja kamar jini. Ya tsotse gonaki masu ɗimbin yawa har suka bushe ƙurmus, sai da masu bincike suka zaɓo iri takwas da ke jure masa. A 2021 ya shiga Tunisiya. Reshe guda mai ɗauke da shi ya isa ya cinye gari. Saboda haka kada a sa wani matafiyi ya ɓoyo maka iri a jaka. Sannan akwai wata 'yar'uwarta mai mugunyar ƙaya da ta mamaye makiyaya a Laikipia ta Kenya, tana raunata bakin awaki. A nemi maras ƙaya, ta hannun malaman gona.

Shuka ta ba wuya. A yanko reshe, a ajiye a inuwa mako ɗaya zuwa biyu har bakin yankan ya bushe, a binne kashi ɗaya cikin uku a jigawa. Fadama ba wurinta ba ce, in ruwa ya kwanta ruɓewa take yi. Tana son dare mai sanyi, don haka a wuraren da zafi ke kwana, girmanta kan ja baya. 'Ya'ya kuwa sai wajen shekara ta uku.

Ni dai shawarata, a bar zancen injin matsa tukuna. A fara da layi biyu ko uku a gefen gona, a katange saboda awaki, a ga yadda za ta yi da ƙasarmu. In ta kama, a datsa wa dabbobi a haɗa da harawa ko dusa, domin ita kaɗai ruwa ne ya fi yawa a cikinta, takan sa su zawo.